Jariran Robar da Inna Ta Binne

Edita, sallama gare ka da duk mai karanta wannan shafi. A shekarar da abin nan ya same mu, ni budurwa ce da ta gama karatun kwamfuta a garinmu Talata Mafara, ina zaune gida ina jiran aikin da bai san da zamana ba. Ina da rawar kai, ina da baki, kuma ina fama da ciwon nan na sabbin 'yan boko, wato ɗaukar cewa duk wata rigima ta duniya rashin bayani ne ya haddasa ta, da zarar an yi wa mutane bayani shi ke nan an wuce wurin. Mu biyu ne a gida, daga ni sai mahaifiyata da nake kira Inna, don Baba ya rasu tun ina firamare, yayyena maza kuma neman abinci ya watsa su cikin duniya. Inna ungozoma ce. Da wuya ka nuna gida a unguwarmu ka ce ba ta taɓa yanke cibiya a cikinsa ba. Ita ke karɓar haihuwa, ita ke wankan jariri, ita ke binne mabiyiya, ranar suna kuma a aiko mata da kan rago da kwanon hatsi. Yaran da ta wanke suna jarirai sun girma sun yi aure, ta sake wanke nasu.

Baffana, ƙanen Baba da ke aiki a Legas, shi ya aiko min da injin, tukuicin gama makaranta. Firinta ce, amma ba irin wadda ke buga takarda ba. Ƙaramin inji ne da ke zama kan tebur, ana ɗora masa naɗin zaren roba, ya ja zaren ya narkar da shi, ya riƙa fitar da shi ta wani ɗan tsinin baki yana shimfiɗawa a kan faranti, layi bisa layi, har abin da ka zana a kwamfuta ya tashi tsaye ka ɗauka da hannunka. A wargaje ya zo cikin kwali, ƙarafa daban, wayoyi daban, sukurori cikin 'yan ledoji. Na shimfiɗa tabarma a ɗakin Baba da ba kowa, ina bin bidiyo a waya ina ɗaurawa ina kwancewa. Har na ɗaura wani ƙarfe a juye, na kwana biyu ina zagin masu kamfanin kafin na gane laifin nawa ne. Inna mace ce mai raha, takan leƙo ta ce wai an aiko min da miji daga Legas, ga shi ba ya magana sai gurnani, kuma ni ke yi masa bauta.

Gaskiyarta kuwa, bauta ce. Wanda bai taɓa riƙe irin injin nan ba zai ɗauka maɓalli ake dannawa a koma gefe. Ina! Sai ka daidaita farantin, ka zura takarda tsakaninsa da bakin, kana murza 'yan tayoyin da ke ƙarƙashi a kowace kusurwa har ka ji takardar na ɗan gogar baki amma ba ta maƙale ba. In bakin ya yi nisa robar ba za ta kama ba, in ya matse ya kankare farantin. In bel ɗin da ke jan bakin ya saki, abin da ka zana da'ira ya fito ƙwai. In bakin ya toshe sai ka zafafa shi ka soka masa wata siririyar allura wadda karyewa ba ta yi mata wuya. Ga wutarmu da kowa ya san halinta, aikin da ya ci rabin yini ana ɗaukewa ya tashi a banza. Sai da ɗaya daga cikin yayyena ya haɗa min sola da batir, na sa kafinta ya yi masa akwatin katako mai ƙofar gilashi saboda iska da ƙadangaru, na ƙara masa 'yar fanka a gefen baki, sannan ya fara jin magana. Na fitar da maɓallin rediyo, da abin da ke riƙe zare a keken ɗinki, da mahaɗin tiyo na masu noman rani a Bakolori. Har maƙwabcinmu na jikin katanga, wani manomin albasa, na yi wa guda kyauta, mahaifiyarsa ce ta zo ta karɓa masa. Ita wannan tsohuwa aminiyar Inna ce tun suna amare, goro ɗaya suke rabawa, tare suke zuwa barka, tare suke zuwa gaisuwa.

Zancen jariran ya samo asali ne daga wata ma'aikaciyar asibiti da ke tara ungozomomi lokaci-lokaci, tana koya musu alamomin da in sun gani su daina jira su kai mace asibiti. Inna ce ta yi mata fariya da ni. Matar ta zo har gida ta ce da hoto take koyarwa, tsofaffin kuma ba sa gane hoto, da hannu suka saba gani. Ta roƙe ni in yi mata ƙashin ƙugun mace da ɗan jariri a dunƙule wanda zai cika tafin hannu, yadda za a riƙa saka shi ana juyawa, a nuna wanda ya zo da kai, da wanda ya zo da ƙafa, da wanda ya kwanta a gicciye. Na ji daɗi har kaina ya ƙara girma. Zaren da ya rage min mai ruwan ƙasa ne, launin fatar mutum, na ce ai ma ya fi dacewa. Ƙugun bai ba ni wahala ba. Jaririn ne ya kusa sa ni kuka, don damina ta sauka, zaren ya sha laima, yana shiga bakin zafi sai ya riƙa tsartuwa. Wani ya fito da gashin roba buzu-buzu a fuska, wani hannunsa ya zube, wani ya kai wuya ya ɓalle daga faranti, wani kuma bakin inji ya toshe ana tsakiyar ciki ya tsaya a buɗe, cikinsa rami-rami kamar saƙar zuma. Kafin in gano dabarar ajiye zaren cikin bokiti mai murfi tare da ƙullin gasasshiyar shinkafa don ta tsotse danshin, na ɓata da yawa. Duk wanda ya lalace sai in jefa shi kwalin da ke ƙarƙashin tebur. Allurar da ta karye kuma, don kada ta soki Inna da ke yawo ba takalmi, sai in zura ta cikin ramukan waɗanda suka tsaya a buɗe.

Kwalin kullum nakan tarar an zazzage shi, ban taɓa tambaya ba. Na ɗauka juji Inna ke kai su tare da shara. Ashe ba haka ba ne. Matar da ta ƙare rayuwarta tana binne mabiyiya da ɓarin ciki a bayan ɗaki ba za ta iya ɗaukar abu mai fuska da 'yan yatsu ta watsa cikin kashin awaki ba, ba ta kuma iya jefa shi wuta. Ta san roba ce sarai, daga baya ta ce min ita ma dariya take yi wa kanta, amma hannunta ya ƙi. Sai ta yagi farin ƙyalle ta naɗe kowanne, ta yi bisimilla, ta tona rami a gindin katangar bayan ɗakinta ta rufe, kamar yadda ta saba. Wannan katanga ita ce tsakaninmu da gidan manomin albasa, kuma a bayanta ɗakin matarsa yake. Yarinya ce mai kunya, haihuwarta ta fari Inna ce ta karɓa, ɗan ya zo ba rai. A wannan daminar tana ɗauke da wani cikin, tana ta laulayi, yau lafiya gobe kwance.

Cikin watan da ruwa ya fi ƙarfi aka yi wani mamako, katangar ta jiƙa ta zube. Da gari ya washe maƙwabcin ya kawo magina su tone gindin su sake ɗorawa. Ina ɗaki ina goge faranti na ji ihu da salati. Ko da na fito sun jera jariran robar a ƙasa, an kwance ƙyallayen da suka rine da laka. Edita, ni na yi su da hannuna, amma da na gan su haka a jere cikin taɓo, wani ba kai, wani ba hannu, sai da gabana ya faɗi. Wani magini ya ɗaga guda ya girgiza, allurai suka zubo. Kafin a jima gidanmu ya cika, maza har tsakar gida, abin da ba a taɓa yi mana ba. Maƙwabcin yana ta cewa ga 'ya'yansa nan an binne masa a bayan ɗakin matarsa tun ba a haife su ba. Inna ta fito da lulluɓi tana murmushin kunya, ta ce ai roba ce, aikin ɗiyarta ne, ita ta binne don ta ga siffar mutum gare su. Ba wanda ya ji komai a maganar sai cewa ta amsa da bakinta ita ta binne.

A ƙofar gidan mai unguwa aka yi zama washegari. A nan na ga yadda ake rushe shekarun mutum cikin yini guda. Duk macen da ta taɓa ɓari, duk wadda ɗanta ya koma kafin suna, sai ga mijinta ko surukarta sun tuno cewa Inna ce ta karɓi haihuwar. To wa zai karɓa da, alhali ita kaɗai ce a unguwar? Ba wanda ya tuno waɗanda suka rayu, kuma rabin masu ihun nan ita ta share musu majina ranar da suka zo duniya. Kalmar da ake ta kewayawa wani ya fito da ita fili, ya ce mayya ce, kurwar jarirai take kamawa tana dannewa cikin gumaka. Liman ya yi iya ƙoƙarinsa, ya ce zato zunubi ne, a ji tsoron Allah, aka bar shi ya gama aka ɗora daga inda aka tsaya. Na kira ma'aikaciyar asibitin a waya, don ta tafi kwas, na buɗe muryar kowa ya ji bayaninta, suka ce 'yan boko ai bakinsu ɗaya. Nan ne rawar kaina ta motsa. Na ce a ba ni dama in kawo injin gaban kowa, in yi jariri ɗaya su gani da idonsu cewa roba ce da wuta, ba aljani ba kurwa. Inna ta ja ni gefe ta roƙe ni in bari. Ta ce wanda ya fusata ba da ido yake kallo ba, mu yi shiru mu tafi Bakura wurin ƙanenta har ƙura ta lafa. Na ce mata gudu ai amsa laifi ne. Har faɗa na yi mata, Allah ya yafe min, na ce irin wannan tsoron nasu ne ya sa ake taka su.

Washegari da hantsi na ɗauko injin, batir a baro, akwatin kuma na baro shi gida saboda nauyi. Duk mai irin injin nan ya san ba ya son a motsa shi, kafin mu isa farantin ya karkace. Na durƙusa gaban maza ina zura takarda ina murza tayoyi, ana tambayata me aka rubuta a takardar. Wani ya fizge ta ya duba gaba da baya, ya ga ba rubutu, ya ce to wannan ya fi muni. Layin farko ya ƙi kamawa saboda iskar hadari da ke kaɗawa. Na kankare, na shafa gam, na sake. Aka yi ta dariya, ni kuwa ina roƙon Allah a zuci ya sa ya kama. Da na san abin da nake roƙo da ban roƙa ba. Ya kama, kuma bai taɓa yin aiki mai kyau irin na ranar ba, ko gashi ɗaya babu. Aiki ne mai cin lokaci, amma ba wanda ya tafi gona. Dariyar ta ɗauke, mutane suka matso suna kallon yadda bakin ke kai da kawowa ba hannun kowa, ga ɗuwawu ya fito, ga 'yan ƙafafu a naɗe, ga yatsu ɗaya bayan ɗaya. Na ɗaga kai ina jiran in ga fuskokin da suka gane. Abin da na gani tsoro ne. Mata daga bayan zana suna ta a'uziyya, wani dattijo ya rufe idonsa da hannun riga.

An kai wajen cibiya ke nan wata mata ta zo a guje ta ce matar manomin albasa ta yanke jiki ta faɗi. Mai cikin da ba ta sa komai a baki ba tun ranar da katanga ta zube, kullum cikin kuka, ina abin mamaki don ta faɗi? Amma wa zai tsaya wannan tunani. Mijin ya zari ƙotar fartanya daga hannun wani ya sauke wa injin. Gilashin faranti ya tarwatse, ƙarfen sama ya lanƙwashe, zaren ya warware cikin taɓo. Wallahi ban ji zafin injin ba a lokacin, abin da ya soke ni shi ne maganar da ta biyo baya. Suka ce yanzu magana ta fito, ɗiya ke ƙera jiki, uwa ke zuba kurwa. Garin neman gira na rasa ido. A baya da zato ake tuhumar Inna, sai ga shi ni da kaina na ɗauko musu abin da suke kira hujja, na kawo har gabansu na kunna.

A al'adar da muka tarar, wanda aka ce ya kama kurwar mutum sai ya tsallaka marar lafiyar kafin a yarda ya sake ta. Mai unguwa ya sunkuyar da kai ya ce wa Inna ta yi haƙuri ta yi, don shi ba zai iya tare matasan da suka fara maganar fetur ba. Aka tasa ta gaba zuwa gidan, mata suka cika tsakar gida, ni aka riƙe ni a bakin zaure inda nake hango komai. An kwantar da yarinyar a tabarma. Inna ta tattare zanenta za ta tsallaka, sai aminiyarta ta ce ba haka ake yi ba. Da wata murya da ban taɓa jin ta da ita ba ta ce, “Tuɓewa za ki yi. Mayya ba ta sakin kurwa da tuhwa a jiki.” Inna ta dube ta, ta kira ta da sunan wasan da suke kiran juna tun suna amare, tsohuwar ta kau da kai. Na yi ihu har muryata ta dushe. Uwata mai furfura, wadda ko ni ban taɓa ganin gwiwarta ba, ta kwance zanenta a gaban matan da ta sha rufa wa asiri ranar da suke tsirara suna kiran sunanta. Ta tsallaka, suka ce ta sake tsallakawa. Wata har da guɗa. Yarinyar da ke kwance ita kaɗai ce ta rufe fuska tana kuka tana cewa a bari. Da aka gama Inna ta ɗaura zanenta a karkace, ta zo ta kama hannuna muka koma gida. Ta hura wuta ta ɗora tukunyar tuwo.

Na so a ce ta zage ni, ko ta mare ni, ba ta yi ba. Yarinyar ta ji sauƙi bayan kwana biyu, don an lallashe ta ta fara cin abinci, wannan kuma ya zama ƙarin shaida, wai an tsallaka ta warke. Aka daina ƙwanƙwasa mana ƙofa. 'Yan garuwa suka daina tsayawa. In Inna ta fita mata su ja hijabi su rufe goyonsu, yara su watse suna tofar da yawu. Aka yi ta haihuwa a unguwa, sai dai mu ji guɗa daga nesa. Wanda ke nemana da aure ya aiko cewa iyayensa sun ce maita a nono ake sha. Duk wannan bai dame ni ba kamar yadda Inna ta koma. Ta daina raha, ta daina cin goro, sai ta yini a ƙofar ɗaki tana kallon sabuwar katangar da suka ɗaga ta fi ta da tsawo. Na ce mu tafi Bakura yanzu, sai kuma ita ta ƙi. Ta ce ba inda za ta sai yarinyar nan ta sauka lafiya, ranar da aka ji kukan jariri a bayan katangar nan kowa zai san ba ta riƙe ɗan kowa ba. Kullum bayan salla sai ta yi mata addu'a da sunanta.

Naƙudar ta zo da kaka, ana yankan dawa. Tun da safe muke jin nishinta ta kan katanga. Sun ɗauko wata tsohuwa daga ƙauye ta karɓa. Azahar ta yi ba labari. Inna ta kasa zaune ta kasa tsaye, ta je ta manna kunne a katanga. Can muka ji wata ta ce hannu ne ya fito. Inna ta ɗaga murya, abin da ba ta yi ba tun ranar nan, ta ce don girman Allah kada a ja, ɗan a gicciye yake, a nemi mota a kai ta asibiti yanzu yanzu. Ta zari mayafi ta fita ba takalmi, na bi ta, ta tsaya a ƙofar zaurensu tana bugun ƙyaure tana roƙo. Tana cewa ba sai ta shiga ba, ba sai ta taɓa ta ba, su dai fitar da ita. Aminiyarta ta leƙo ta ce wato so take a fito mata da ita fili ta ƙarasa abin da ta fara, ta watso mana ruwan wanke-wanke ta sa sakata. Da ba Inna ce ta ce a kai ta asibiti ba, na tabbata da sun kai ta, don mijin ba baƙon asibiti ba ne. Amma tunda daga bakinta shawarar ta fito, sai suka zauna suna hayaƙi da tofi. Sai bayan la'asar, da jini ya ƙi tsayawa, suka sa ta a mota. Ba ta isa da rai ba, daga ita har ɗan.

Ba a bar mu mun yi gaisuwa ba. Tun kafin a dawo daga maƙabarta aka fara jifan rufinmu, ana cewa da bakinta ta kira abin, ta ce a gicciye yake ya gicciye. Kawuna ya zo daga Bakura da motar ɗaukar shinkafa, liman ya tsaya a ƙofar gidanmu da sandarsa har muka kwashe abin da za mu iya. Gidan da aka kawo Inna tana amarya, haka muka bar shi, ba wanda ya ce mana a sauka lafiya. A mota magana ɗaya Inna ta yi, ta ce yarinyar nan ita kaɗai ta ce a bari.

Shekaru sun ja. Na yi aure a Maradun, mijina ya san labarin tun kafin a sa rana, ya ce shi Allah yake tsoro ba bakin mutane ba. Na sake mallakar wani injin, da shi nake rufa wa kaina asiri, ina yi wa teloli da masu injin ban ruwa ƙananan kayan gyara. Ban ƙara yin abu mai fuska ba, kuma duk abin da ya lalace da kaina nake datse shi da filaya gutsu-gutsu. Ƙannena masu sha'awar wannan sana'a, ga abin da na koya da kuka. Na iya daidaita faranti, na iya busar da zare, na san kukan bel in ya saki, amma ban taɓa tambayar ina sharata ke zuwa ba, ban kuma taɓa kiran maƙwabta ranar da ake zaman lafiya na ce su zo su ga abin da ke gurnani a ɗakin nan ba. Da aminiyar nan ta Inna ta taɓa zama ta ga jaririn roba na fitowa tana tauna goro tana dariya, da wataƙila ranar da aka tono su ita za ta fara cewa ai na ɗiyar wance ne. Na bari sai da zukata suka tafasa na zo da bayani, a irin wannan ranar kuwa ko me ka nuna wa mutum abin da ya riga ya yanke zai gani. In babba ya ce ka yi shiru ka janye, ba kullum ne tsoro ba. Ku kuma jama'a, ku ji tsoron Allah da kalmar nan ta maita. Ba ta da wuyar faɗi, amma a unguwarmu ta kai mutum biyu kabari, kuma su ne waɗanda ake cewa ana karewa.

Inna tana nan da ranta a Bakura, tana salla tana cin abinci, in ka gan ta ka ce lafiya lau. Bara Allah ya ba ni ɗa namiji, na je wankan gida wurinta kamar yadda ake yi a haihuwar fari. Ranar da muka iso na shiga ɗakinta da shi a naɗe, na durƙusa na miƙa mata. Ta daɗe tana leƙen fuskarsa, ta yi masa addu'a mai tsawo. Sannan ta mayar da hannuwanta baya ta ce, “Kai shi ga matar kawunki ta yi mai wanka, ɗiyata. In wani abu ya same shi, kar a ce ni ta.” Na ce mata Inna, ɗana ne fa, wa zai ce ke ce? Ta ce ba ta sani ba, can ma ai da ba ta san masu cewa ba. Har muka yi arba'in muka koma ba ta taɓa shi ba. Yanzu ya fara tafiya, ya san ta, yana sonta. In muka je ya nufo ta da gudu ya buɗe hannu, sai ta miƙe tsaye ta ba shi hanya.